Direban da Ya San Hanyar Sham

Murabba, Riyadh
12 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga matata Hajjo, Maman Hajar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, da Hajar, da duk mutanen gidanmu na Rano. Yaya jikin Baba? Yaya Inuwa ya ce hannun da ya shanye ya fara ɗan motsi. Allah Ya ƙara sauƙi, ke kuma Allah Ya biya ki wahalar da kike yi da shi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. In na kira waya kowa sai ya taru a kanki, kafin mu gama gaisawa layi ya yanke. Shi ya sa na ga gara in rubuta a tsanake, in ɗauki hotonta in turo miki.

Na bar tuƙin babbar mota a Birnin Masana'antu na Biyu. An mayar da iƙamata, wato takardar izinin zamana, hannun wani sabon kafili mai ɗaukar nauyina, yanzu ni direban gida ne a Murabba, an ba ni ɗaki kusa da ƙofa. Matar gidan likita ce, sunanta Dakta Khalida. Aikina duka a kan mahaifinta yake, wani dattijo mai shekara tamanin da ɗaya da ake kira Ustaz Shakir. Mutumin Siriya ne, haifaffen birnin Dimashƙ, wanda su suke kira Sham. Ya shekara arba'in yana koyar da tarihi a makarantun nan. Tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu bai sake taka ta ba, matarsa ma a nan aka binne ta.

Ranar da na fara aiki ya fito da kwat da sanda, ya tambayi sunan ɗana. Na ce mace gare ni, Hajar. Tun daga nan Abu Hajar yake kirana. Da ya shiga mota sai ya ce in kai shi bakin Barada. Na duba taswirar waya, babu wani wuri mai wannan suna a Riyadh. Na fita na tambayi Dakta. Ta ja ni gefe, ta ce Barada kogin garinsu ne, mahaifinta ciwon mantuwa yake fama da shi, wani lokaci yakan ɗauka yana gida. Direbobi biyu sun gudu kafin ni, don da zarar an ce masa nan ba Sham ba ne sai ya rikice ya yi ta kuka. Ta ce in kai shi ko'ina da akwai ruwa da itatuwa.

Na kai shi Wadi Hanifa, wani kwari a gefen gari mai ɗan ruwa da dabino. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ruwan ya ragu bana.” Na ce e, Ustaz, ya ragu. Ya zauna a kan dutse ya fara ba ni labari kamar yana gaban aji. Wai in ba don wannan kogi ba da babu Dimashƙ, don hamada ce ta kewaye ta. Mutane sun zauna a wurin tun shekaru dubbai, kuma ba a taɓa wayar gari an ga birnin babu kowa ba.

Hajjo, mutumin nan bai san abin da ya ci da safe ba, amma ya san shekarar da aka gina kowace ƙofa ta garinsu. Tausayinsa ya kama ni, sai na tuna Baba.

Ki gaida Baba da kyau, ki ce masa in sha Allahu da ƙaramar salla ina gida. Shekara huɗu ta isa haka.

Naki har kullum,
Badamasi

Murabba, Riyadh
20 ga Janairu, 2025

Maman Hajar,

Sallama da gaisuwa irin ta mai kewa. Na ga amsarki, na karanta ta fi sau biyar. Na ji daɗi da kika ce Baba yana shan kunun gyaɗa in ke kika dama. Haƙorin Hajar da ya fita, ki ce mata kada ta damu, wani zai tsiro.

Kin tambaya ko ba ƙarya nake yi wa tsohon nan ba. Abin ya dame ni ni ma. Na je wajen Malam Almustafa, wani ɗalibin jami'a mutumin Tawa ta ƙasar Nijar da muke haɗuwa a masallacin Juma'a. Ya ce kada in ƙirƙiro masa komai da bakina, amma ba dole ne in tayar wa mara lafiya hankali ba. To haka nake yi. Shi yake raɗa wa wurare suna, ni dai tuƙi nake.

Yanzu na san garin nasa a cikin wannan garin. In ya ce Hamidiyya, tsohuwar kasuwar da ke bayan ganuwar Masmak nake kai shi, inda ake sayar da darduma da turare. In ya ce Midan, sai mu nufi Gubaira, tsohuwar unguwata, yana leƙen masu walda yana cewa daga nan ayarin alhazai yake tashi zuwa Makka a kan raƙuma. Duwatsun yamma da gari kuwa su ne Ƙasiyun, dutsen da ya ce yana tsaye a kan birninsu.

Wata rana a watan jiya na tarar da gidan a hargitse. Dakta tana gaban talabijin tana kuka tana dariya, 'yan uwansu sai kira suke yi. Gwamnatin ƙasarsu ce ta faɗi. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta riƙe hannunsa, ta ce, “Baba, an sauke su, za mu koma gida.” Ya dube ta a natse ya ce, “Waɗanne daga ciki?”

Da muka fita da la'asar ya lissafa min su da yatsu. Aramiyawa ne suka fara mai da Dimashƙ babban birni. Assuriyawa suka ƙwace, Farisawa suka zo, Girkawa suka zo, Rumawa suka shimfiɗa mata miƙaƙƙen titin da har yau ake bi. Sahabbai suka buɗe ta shekara goma sha huɗu bayan hijira. Banu Umayya suka yi mulki daga cikinta kusan shekara casa'in, a lokacin umarnin da aka bayar a Dimashƙ ana bin sa tun daga Andalus har bakin ƙasar Hindu. Su suka gina babban masallaci a wurin da a da coci ne, kafin cocin kuma ɗakin gumaka. Daga nan Abbasiyawa suka ɗauke sarautar suka kai Iraƙi, aka bar ta kamar gidan da aka gama biki. Taimur gurgu ya zo ya ƙone ta, ya kwashe maƙera da masaƙa ya tafi da su ƙasarsa. Faransawa suka yi mata ruwan wuta, har yau akwai unguwar da ake kira Hariƙa, wato gobara. Da ya gama sai ya ce kowannensu ya shigo yana cewa tasa ce, kuma duk ta binne su.

Can sai ya tambaye ni ko mahaifiyarsa ta dawo daga gidan burodi. Na ƙara wa na'urar ɗumama mota ƙarfi, don sanyi ake yi sosai a nan.

Maganata tana nan, da salla ina tafe. Ki gaida Yaya Inuwa da iyalinsa.

Mijinki,
Badamasi

Murabba, Riyadh
9 ga Afrilu, 2025

Hajjo,

Assalamu alaiki. Barkanmu da salla, Allah Ya karɓi ibadunmu. Ina fata kina lafiya, ko da yake na san ranki a ɓace yake, tunda kwana shida ina kira ba ki ɗauka. Ba zan ce ba ki da gaskiya ba. Kin share ɗaki, kin yi wa Hajar kitso, Baba ya sa an fito masa da babbar rigarsa, ni kuma ban zo ba. Ki daure ki karanta abin da ya faru.

Ana saura kwana goma salla aka kawo wani direba ɗan Sudan da zai riƙe aikin in na tafi. Mutumin kirki ne, na zagaya da shi duk wuraren, har na rubuta masa sunayensu. Ranar da ya fara, ni na tafi kasuwar Bat'ha sayen tsarabarku. Ustaz ya ƙi shiga motar, ya ce wannan bai san hanya ba. Aka ƙyale shi a falo. Kafin azahar aka neme shi aka rasa.

Awa huɗu muna nema, ana azumi, ga rana. Dakta ta bi asibitoci, mijinta ya tafi wajen 'yan sanda. Ni kuwa na tsaya na tambayi kaina, in da a garinsu yake, ina zai nufa ranar Juma'a? Sai na tafi babban masallacin da ke kusa da Masmak. Na same shi a bayan masallacin, zaune a ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafarsa, leɓɓansa sun bushe. Wasu 'yan sanda biyu suna lallashinsa, ya ƙi tashi. Da ya hango ni sai ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce, “Abu Hajar, sun canza wa ƙofofin wuri, na kasa gane gidanmu.”

Na goya shi zuwa mota, Hajjo. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Kwanansa uku a asibiti. A nan Dakta ta same ni a baranda. Macen da nake ganin manyan likitoci suna miƙe mata ta tsaya a gabana tana hawaye. Ta ce ana sa ran jirage za su koma tashi zuwa Dimashƙ bayan layya, tana so ta kai shi gida da ransa, in taimaka in riƙe shi zuwa lokacin. Ba ta tilasta min ba, takardar hutuna ma an riga an buga. Ni da kaina na ce na yarda. Ba zan ɗora wa kowa ba.

Na yi magana da Baba ta wayar Yaya Inuwa. Maganarsa ba ta fita sosai, amma na ji ya ce, “Ka riƙe amana.” Ban sani ba ko daga zuciyarsa ya faɗa, ko don kada ya ba ni kunya ne. Yaya ya ce jikin da sauƙi, wata biyu kuma kamar gobe ne. Ke da kike tare da shi kullum, ki faɗa min gaskiya in kin ga wani abu.

Tsarabar tana hannun wani alhaji mai komawa Kano, akwai abaya da takalmin Hajar, da man zafi na Baba. Ki yafe min, ki ɗauki wayata ko da faɗa za ki yi.

Naki,
Badamasi

Murabba, Riyadh
14 ga Yuni, 2025

Matata Hajjo,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya haƙuri? Yaya haƙurinmu duka? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba mu haƙurin rashinsa. Yau kwana goma, sai yanzu hannuna ya iya riƙe biro.

Kin rubuto min tun watan jiya cewa ya daina cin abinci, in zo. Na karanta, na ce saura mako uku, bari a yi layya. Wannan magana ita ce take cin raina. Kin faɗa min gaskiya kamar yadda na roƙa, ni ne ban ji ba.

Muna Wadi Hanifa bayan la'asar kiran Yaya Inuwa ya shigo. Da na ji yadda ya yi sallama na san abin da ya faru. Ya ce Baba ya cika ana idar da azahar, kina ba shi ruwa a cokali, kuma za a kai shi kafin magariba. Na zauna a kan ƙasa ina salati, ban san hawaye yana zuba ba.

Ustaz yana kan dutsensa yana bayanin yadda aka raba kogin gida bakwai don ruwa ya shiga kowace unguwa. Sai ya tsaya. Ya taso da sandarsa, ya tambayi abin da ya same ni. Na ce mahaifina ne ya rasu. Wallahi Hajjo, a wannan lokacin idonsa ya washe, ya koma mutum mai cikakken hankali irin wanda ban taɓa gani ba. Ya tambayi sunan Baba, na faɗa masa. Ya ɗaga hannu ya yi masa doguwar addu'a yana kiran sunan daidai. Sannan ya ce, “Ni ma ina wannan garin lokacin da nawa uban ya rasu. Na ce sai an gama jarrabawar ɗalibai.” Ya ce wannan garin, ya kuma nuna gine-ginen Riyadh da sandarsa. Ashe a wani lungu na zuciyarsa ya san inda yake.

Ya dafa kaina, muka daɗe a haka. Kafin mu isa mota ya manta komai, yana tambayata me ya sa idona ya yi ja.

Dakta ta ce in tafi washegari, za ta nemo min jirgi ko ta halin ƙaƙa. Na yi ta tunani, na ga wanda nake gaggawar in tarar an riga an rufe shi. In na tafi yanzu na rasa can, na kuma saki nan a tsakiyar hanya. An sa tafiyarsu ƙarshen Agusta, sai an gyara rufin tsohon gidansu. Zan kai shi filin jirgi, daga nan na gama. Na san wannan ma wani nauyi ne na ƙara miki, kina karɓar gaisuwa ke kaɗai, mutane suna tambayar ina ɗansa.

Shekara biyu kina dafa masa, kina wanke masa shimfiɗa, kina kore masa ƙuda, ni ina nan ina hidimar uban wasu. Ban da bakin da zan gode miki. Allah Ya saka miki da abin da ya fi alheri.

Ki rungume min Hajar.

Badamasi

Gubaira, Riyadh
27 ga Satumba, 2025

Zuwa ga Maman Hajar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da dukkan zuciyata, ina fata kuna lafiya, damina kuma ta yi albarka. Daga ɗakin abokaina na Gubaira nake rubuto miki, na mayar da makullin mota tun makon jiya.

Na kai su filin jirgi ranar talatin ga Agusta. Na tura shi a keken marasa lafiya har inda aka tsayar da ni. Bai yi min sallama ba, ya ɗauka ina biye da su.

Kwana biyu bayan nan Dakta ta kira ni ta bidiyo. Ta ce ta shiga da shi ta Bab Sharƙi, wato ƙofar gabas, ta bi da shi miƙaƙƙen titin, ta kai shi cikin kasuwar Hamidiyya ta gaske, ta zaunar da shi a farfajiyar babban masallaci. Ta buɗe masa gidan da aka haife shi, bishiyar lemon da mahaifiyarsa ta dasa tana nan a tsakar gida. Bai gane ko ɗaya ba. Kogin ma an kai shi, ya tarar da ɗan siririn ruwa mai datti, ya kau da kai. Ya ƙi cin abinci, yana ta faɗa wai an kawo shi baƙon gari, a kira Abu Hajar, shi kaɗai ya san hanyar Sham.

Ta juyo min da wayar. Na gan shi a kan kujera a ƙarƙashin bishiyar, ya rame. Ya ce, “Ina ka shiga? Zo ka kai ni gida.” Na ce Ustaz, ina nan tare da kai, faɗa min ƙofofin garin mu bi su. Ya fara, ya kai ta uku ya tsaya. Sai ni na ci gaba, Bab Tuma, Bab Salam, Bab Faradis, ina faɗa yana maimaitawa kamar ɗalibi, har barci ya ɗauke shi. Kullum bayan la'asar haka muka riƙa yi, kwana goma sha bakwai. Ranar Alhamis ɗin makon jiya Dakta ta kira ba a lokacin da muka saba ba. An binne shi a maƙabartar Bab Sagir, kusa da mahaifinsa. Ta ce ko bai gane garin ba, ƙasar garin ta karɓe shi. Allah Ya jiƙansa.

Mijin Dakta ya ce in zauna in riƙa tuƙa shi. Na yi godiya, na roƙa a buga min bizar fita ta ƙarshe daga ƙasar, an kuma buga.

Hajjo, shekaranjiya Malam Almustafa ya tambaye ni asalin gidanmu, don ya ji sunan kakanmu kamar na mutanen wajensu. Zan iya lissafa miki waɗanda suka mulki Dimashƙ ɗaya bayan ɗaya, amma ban san daga wane gari kakanmu ya taso ya zo Rano ba, ban san abin da ya raba shi da can ba. Baba ya sha ɗauko zancen in muna zaune a zaure, ni kuwa sai in ce ana jirana a tasha. Yaya Inuwa ya ce shi ma bai riƙe ba. Ke kika zauna da shi shekara biyu. In ya taɓa ba ki labarin, don Allah kada ki bari ya zube, ki adana min har in zo. Akwai kuma abin da nake tsoron tambaya a waya. A kwanakinsa na ƙarshe, ya kira sunana? Ko me ya ce, kada ki tausaya min, ki faɗa min yadda yake.

Jirgina zai sauka Kano ranar Talata, bakwai ga Oktoba, da hantsi. Kada kowa ya wahala zuwa tarye, zan hau mota da kaina. Ba zan fara shigowa gida ba. Ki ce wa Yaya Inuwa ya jira ni a bakin maƙabarta bayan azahar, don ban san inda aka sa shi ba.

Mijinki mai neman afuwarki,
Badamasi